Ruwan Wankin Mota a Bikin Ɗan Alhaji Namata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka miƙa mini mikoro a bikin ɗan Alhaji Namata, a Gaya. Har yau in na hango an kafa rumfa an jera kujerun roba, sai in nemi wata hanyar in bi.

Ni mutumin Damagaram ne. Abin da na karanta shi ne yadda ake tsabtace ruwan da aka riga aka ɓata, wato ruwan kwata, da na makewayi, da wanda masana'antu ke zubarwa (mahaifiyata in an tambaye ta aikina sai ta ce "yana aikin ruwa," ta tsaya nan, ta kawo wani zance). Da na gama karatu wani poroje, wato shirin ayyukan raya ƙasa, ya ɗauke ni, ya turo ni Gaya, garin bakin iyaka, in duba yadda za a rage ƙazantar da ke gangarawa kogi. Na iso da jakar tufafi ɗaya da kwalin littattafai, ba mata, ba ɗan'uwa, ba ko wanda muka taɓa zama aji ɗaya.

Lokacin nan gadar da ke ƙetara kogi zuwa Malanbil, garin da ke hayin iyaka, a buɗe take, manyan motoci a jere tun daga bakin duwan, wato kwastan, har inda ido ya ƙare. Gari cike da mutane, kowa da abin da ya kawo shi, kowa da mutanensa. Ba wanda ya wulaƙanta ni, gaskiya. Ana gaishe ni, ana ce mini "fofo, Mushe," wato "sannu, Malam," in amsa, shi ke nan. Na taɓa gwada zama a wata fada ta samarin unguwarmu. Suka ba ni shayi, suka tambaye ni aikin da nake yi, ni kuwa na ba su amsa. Na ba su amsa sosai. Kafin in kai ga bayanin ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta a cikin ruwa, hirar ta koma Dandanci, yaren mutanen garin, wanda ba na ji. Kashegari da na fito, na tarar sun mai da bencinsu ɗaya gefen titin. Wai inuwar can ta fi.

Daga nan na koma dafa shayina a ɗaki. Da la'asar in taka zuwa bakin kogi, in tsaya ina kallon masunta suna jawo kwale-kwale, in dawo. Akwai ranakun da in ka cire sallama da "nawa ne," ban furta komai ga ɗan Adam ba. Maganganu suka taru a cikina, ba inda zan kai su.

Ana haka aka aike ni wurin Alhaji Namata. Yana da wurin wankin manyan motoci a hanyar fita gari, kuma maƙwabta sun kai kuka cewa ruwan da ke fitowa daga wurinsa, baƙi ƙirin da mai da laka, yana kwanciya a ƙofar gidajensu. Na tafi ina jiran a kore ni. Sai na tarar da dattijo mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk kanta, ya sa aka kawo mini kujera. Shi da kansa ya gaya mini cewa da bokiti da soso ya fara, yana wanke motocin mutane, har Allah ya ba shi nasa wurin da nasa motocin. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Dakata, Mushe. Kana nufin ruwan nan da nake zubarwa, ana iya maido shi in sake wanki da shi?"

Na ce ana iya wa. Ya ce to a yi.

Muka haƙa rami aka yi masa siminti, inda ruwan zai tsaya laka ta kwanta. Muka yi na biyu inda mai zai taso sama a kwashe. Daga nan ruwan ya bi ta cikin tano, irin manyan gangunan nan na roba masu launin shuɗi, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da yashi, ɗaya da gawayi, ya fito a tara shi a wasu. Ranar da ruwan farko ya fito, Alhaji ya ɗeba a kwalba ya ɗaga wa rana, ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi na famfo haske." Na ce masa haske daban, sha daban, wannan na wanki ne kawai. Ya ce ya ji. Maƙwabta suka daina kuka, ƙofofinsu suka bushe.

Tun daga nan, in na biya duba aikin da yamma, sai ya ce in zauna a sha shayi. Ina magana yana amsa waya, yana yi wa direbobi faɗa, jefi-jefi ya juyo ya ce, "Haka ne, Mushe, ci gaba." Wani zai ce ba saurare ba ne wannan. Ni a wurina ya fi komai. Na fara ƙirƙiro dalilan zuwa duba tano ɗin da ba abin da ya same su.

Wata rana ya ce mini ɗansa Mamman zai yi aure, kuma lallai in zo. Yarinyar ƴar Kamba ce, can ƙetaren iyaka ta Najeriya, gidan malamai da tsofaffin ƴan kasuwa. Ya sassauta murya ya ce, "Yaran suna son juna, uban ma ba laifi. Amma akwai baffanta, Alhaji Sani, shi har yanzu kallon masu wankin mota yake yi mana. So nake su zo su ga mu ma mutane ne. Ba na son ko tsinke ya karkace a bikin nan."

Wannan ce gayyata ta farko da aka yi mini tun zuwana garin. Na sayi shadda na kai ɗinki. Na je wurin wanzami ana sauran kwanaki, na sake komawa ana jibi, don gashin ya ɗan taso (wanzamin ya dube ni, ya dubi kan, ya ɗauki askarsa).

Ana gobe biki na bi ta wurin wankin, sai na ga ana loda shuɗɗan tano a bayan mota, aka nufi gidan Alhaji da su. Ban kawo komai a raina ba. Da gari ya waye kuma famfon unguwarmu ya ƙi kawo ruwa, kamar yadda ya saba in ya ga dama, da ɗan abin da ya rage a bido, wato jarka, na yi wanka.

An ɗaura aure da hantsi lafiya. Aka dawo ƙofar gida, rumfuna cike, mutanen Kamba da manyan riguna a gaba, direbobi da ƴan kasuwa ta ko'ina, har da waɗanda suka ƙetaro daga Malanbil da manoman Tanda dangin uwar ango. Na sami kujera a ƙarshen layi. Na dama da ni yana hira da na gabansa, na hagu da ni ya juya mini baya yana hira da na bayansa. Na zauna cikin sabuwar shadda ina murmushi ga ba kowa.

Da aka kira azahar sai na ga mutane sun nufi jikin katanga da butoci. Na ɗaga kai. Ga shuɗɗan tano nan a jere, ana ta ɗiba ana alwala, ana wanke hannu.

Sai lissafi ya haɗu a kaina nan take. Jiya na gan su suna fitowa daga wurin wanki. Yau ba ruwa a famfo. Alhaji da bakinsa ya ce ruwan ya fi na famfo haske. Ashe dattijon nan ya yarda da aikina har ya kawo shi bikin ɗansa! Mai hankali da ya tsorata, ya ruga ya ce a dakata, tunda ni na san ba a gwada ruwan nan don a kuskure baki da shi ba. Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Na je na yi alwalata ina kallon ruwan a tafin hannuna kamar uba na kallon ɗansa ranar karɓar sakamako. Ban tambayi kowa ba. Wa ma zan tambaya?

Bayan salla aka fito da abinci, shinkafa da kifi, da sakwara, ana zama rukuni-rukuni a kan tabarmi. Ana cikin ci Alhaji ya karɓi mikoro daga hannun maroƙi, ya gode wa baƙi, ya gode wa surukai. Can sai idonsa ya faɗo kaina. Ina jin so ya yi mutanen Kamba su ga yana hulɗa da masu ilimi. Ya ce, "Ga kuma abokina, Mushe, babban masani ne daga Damagaram. Taso ka ce wani abu."

Abokina. A gaban jama'a, ta lasifika. Yanzu na san abin da ake so in ce bai wuce "Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya" ba. Amma ka tuna, mutum ne da ya yi watanni yana magana da butar shayi.

Na fara da kyau. Na yi sallama, na yi wa ango da amarya addu'a, aka ce amin. Da na tsaya nan da yanzu ba ni da labarin ba ku. Sai na ji bakina yana cewa, "Jama'a, aure kamar gari ne, kuma ba garin da ke zaune lafiya sai ya san inda ruwan ƙazantarsa ke tafiya."

Na ba su labarin biranen mutanen dā da suka yi magudanai da tubalin ƙasa. Na kai su Rum, na nuna musu babbar kwatar da ke kwashe dattin birni ta zuba a kogi. Na kawo su Landan lokacin da kwalara ke kashe mutane ana zaton iska ce, ashe ruwan sha ne ke haɗuwa da na makewayi, da lokacin da kogin birnin ya yi warin da manyan gari suka kasa zama a majalisa. Na shiga da su ƙarƙashin Paris, muka bi ta cikin magudanai. Na bayyana yadda aka fara malala ruwan a gonaki, daga baya aka koyi tsayar da shi a manyan tafkuna ya kwanta, aka gano ƙananan halittu masu cinye dauɗa, har aka kai ga masana'antu na juya ruwansu suna sake aiki da shi. (Duk wannan, mutane na da lomar sakwara a hannu. Kalmar "makewayi" kaɗai ban san sau nawa ta fita ta lasifikar nan ba.)

Wuri ya yi tsit. Ni a zatona sha'awa ce. Na ga maroƙi yana matsowa yana miƙo hannu, na ɗauka jinjina yake yi mini, na gyaɗa masa kai na juya gefe. Na ga Alhaji yana shafa gemu da sauri-sauri, na ce a raina dattijo ya ji daɗi.

Sai na ɗaga murya don in rufe da abin da zai ɗaukaka mai gida a idon surukansa. Na nuna katanga na ce, "Kuma kada ku ce sai a Turai! Ga shi nan a Gaya, a gidan Alhaji Namata. Ruwan nan da kuka yi amfani da shi yau, kuka ga haskensa, shekaranjiya shi ne ya wanke motocin shanu da na man fetur. Mu muka tace shi, ga shi ya dawo kamar ba a taɓa ba!"

Na tsaya ina jiran tafi.

Wani direba a gabana ya dubi hannunsa, ya dubi kwano, ya mai da lomar a hankali. Can baya wani ya furzar da ruwan da ke bakinsa. Sai wani tsoho cikin mutanen Kamba ya ce, "To, alwalar da muka yi fa?" Kan ka ce me, wuri ya kaure. Wannan na cewa motar shanu ai da kashi da fitsari, wancan na cewa shi dama ya ji ƙanshin gazuwal, man manyan motoci. Aka kewaye liman ana tambayarsa ko sallar ta yi. Wani ma har yana tambaya ko auren ya ɗauru (liman ya ce masa ya zauna, ba ruwan aure da wannan).

Alhaji Sani, baffan amarya, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ya dubi ƙanensa, uban amarya, ya ce, "Na gaya maka. Ga shi mun zo an wanke mu kamar motoci."

Na dubi Alhaji Namata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa haka ba.

Ana wannan sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gida, zani ɗaure a ƙugu, ludayi a hannu. Hajiya Hawa ce, yayar Alhaji, ita ke kula da girkin bikin. Ba ta nemi mikoro ba, ba ta bukatarsa. Ta ce, "Wane ne mai cewa da ruwan mota na yi wa baƙi hidima? Tano ɗin nan sababbi ne fil, daga Malanbil aka sayo su saboda bikin nan, aka ajiye su a wurin wanki don gida ba fili. Da asuba a gabana aka cika su a foraj, rijiyar burtsatsen masallaci. Wanda bai yarda ba ya zo ya sansana!" Ta juyo ta same ni tsaye da mikoro. "Kai ne? Ɗan nan, wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ba kowa, Hajiya. Gani na yi shuɗɗa ne."

Na manta mikoro na bakina. Amsar nan ta fita ta lasifika har bakin titi.

Wasu suka fashe da dariya, wasu ba su yi ba. Liman ya je ya duba, ya ɗebi ruwan ya sansana, ya ce ruwa ne mai tsarki, kowa ya kwantar da hankalinsa. Duk da haka Alhaji Sani da mutanensa suka aika aka sayo ruwan leda, suka sake alwala a gaban kowa, suka sake salla a gefe. Abinci kuwa rabinsa haka aka kwashe shi. Alhaji Namata ya tako, ya zare mikoro daga hannuna a hankali, ya ce, "Mushe, je ka zauna ka huta." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban zauna ba. Na bi ta bayan rumfa na fita, na taka har gida a ƙafa cikin rana, ina jin kowane ɗan kabu-kabu da ya wuce ya riga ya sami labari.

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ba sai dole. Na ce wa biro, wato ofishinmu, ba ni da lafiya. Na zauna ina tunanin ko auren ya watse, ko an koma da yarinyar Kamba, ko na rushe wa mutumin da shi kaɗai ya ba ni kujera a garin nan abin da ya daɗe yana ginawa. Na ɗauki waya in kira shi na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Mahaifiyata ta kira ta ce yaya bikin, na ce an yi lafiya.

Wata rana da tsakar rana aka yi sallama. Na buɗe, sai ga Hajiya Hawa da kwano a hannu da ƙaramin bido. Ta shigo ba tare da an ce ta shigo ba, ta dubi ɗakin, ta dubi littattafai, ta dubi kofin shayi guda ɗaya. Ta ce, "Nan kake zaune kai kaɗai? Shi ya sa." Ta ajiye kwanon ta ce dambu ne. Ta ajiye bidon ta ce, "Wannan kuma na foraj ne, kada ka je ka yi shela."

Na tambaye ta auren. Ta ce amarya na ɗakinta, uban yarinya ya tsaya tsayin daka, ya ce shi ya ga gaskiya da idonsa. Alhaji Sani dai ya tafi bai yi sallama ba, kuma da wuya ya sake taka gidan nan kusa. Ta ce, "Ƙanena bai yi fushi da kai ba, amma ka kunyata shi, kuma kunyar ba ta sake shi ba. Tashi ka je. Ɓuya ba ban haƙuri ba ce."

Na je da yamma. Na tarar da shi tsaye ana wanke wata doguwar mota da ruwan da muka tace. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Mushe, ni na ce ka taso. Na san ka, na kuma ba ka mikoro. Laifin mu raba." Ya sa aka kawo kujera. Mun sha shayi, amma ranar ban yi bayanin komai ba, shi ma bai ce in ci gaba ba. Zaman bai koma kamar dā ba, ba zan yi muku ƙarya ba. A gari kuwa na yi suna. Mutanen da ba su taɓa sanin ina raye ba suka fara tsayar da ni a kasuwa, su ɗaga butarsu su ce, "Mushe, duba mana wannan, na wace mota ne?"

Da shekara ta kewayo matar Mamman ta haihu, aka gayyace ni suna. Ina isa Hajiya Hawa ta sa aka kama hannuna, aka kai ni can nesa da lasifika, aka zaunar da ni kusa da wani dattijo masunci daga Tunuga. Mutumin kirki, fuska a sake. Na gaishe shi ya yi murmushi. Na ɗan taɓa masa zancen kogi ya gyaɗa kai. Na ga ya ba da fuska, sai na ɗauko masa tun daga farko, na kai shi Rum, na kai shi Landan, har da wuraren da ban samu na faɗa ba a wancan karon. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da za a watse na ce wa Mamman ban taɓa samun mai saurare irin dattijon nan ba. Ya ce, "Baba Gado? Ai ya fi shekara goma ba ya ji. Inna Hawa ce ta ce a haɗa ku."

Abin da na koya bai da yawa. In ka daɗe ba ka sami wanda zai saurare ka ba, kada ka fara da mutanen da ke cin abinci. In kuma ka ga abu shuɗi ka ji zuciyarka ta ce naka ne, nemi tsohuwar da ke riƙe da ludayi ka tambaya tukuna. Ni dai yanzu duk inda aka miƙo mini mikoro, "Allah ya sanya alheri" nake cewa, in mayar tun kafin a gama amin.